Yanda ake samo morfin da danginsa ta hanyar doka, daga gadon maras lafiya har Biyana

Wannan rubutun na ma'aikatan asibiti ne, likita da nas da mai riƙe da ɗakin magani, da kuma duk wanda yake jinyar mai ciwon daji ko mai sikila ko wanda wuta ta ƙona, ya je neman maganin ciwo mai ƙarfi irin morfin aka ce masa babu, wai ai doka ta hana. To dokar duniya dai ba ta hana ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961, wadda ita ce uwar duk dokokin ƙwayoyin nan, tun a gabatarwarta ta ce ba makawa sai an yi amfani da waɗannan magungunan wajen rage wa marasa lafiya raɗaɗi, kuma wajibi ne a tanadi isassu. Wato aiki biyu aka ɗora wa gwamnatoci, su hana maganin zurarewa kasuwar bayan fage, su kuma tabbatar ya isa hannun mai buƙata. Na farkon kowa ya haddace shi, na biyun ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya fitar da rahoto a 2017 cewa cikin tan 298.5 na morfin da makamantansa da ake rabawa a duniya duk shekara, tan 0.1 kacal ke kaiwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta ce mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar rage raɗaɗi duk shekara, amma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu.

Abun da nake so ka riƙe kafin mu shiga shi ne, maganin nan a kan takarda yake tafiya. Daga gonakin da ake noma tsiron da ake samo morfin daga gare shi da lasisi a Indiya da Turkiyya da Ostareliya da Faransa da Sifaniya, har zuwa cokalin da za a ba maras lafiya, babu giram ɗaya da zai motsa sai akwai adadin da wani ya rubuta ya sa hannu, galibi tun shekarar da ta wuce. In ba a rubuta ba, ba zai zo ba, ko da kuɗin yana ajiye.

Fara da duba jerin da maganin yake ciki

Yarjejeniyoyin uku ne, kuma kowacce da irin nata takardun, shi ya sa kar ka fara cike komai sai ka san inda maganinka ya faɗa. Ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 1972, ita ke riƙe da morfin, fentanil, metadon, fetidin, oksikodon, duk waɗannan a jadawali na 1, kodin kuma a na 2. Ta 1971 ita ce ta magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, a nan za ka samu diyazefam da midazolam da fenobabiton a jadawali na 4, fentazosin da bufrenofin a na 3, sai metilfenidet a na 2. Ta 1988 kuma ta safarar ƙwayoyi ce da sinadaran da ake haɗa su da su, kuma a nan ne mutane ke mamaki, domin efedirin da masu sa barci a tiyata ke amfani da shi in hawan jini ya faɗi, da agometirin da ake yi wa mai jego in jini ya ɓalle, duk suna ciki, saboda ana iya karkatar da su a haɗa wani abu daban.

Ba sai ka haddace ba. Hukumar INCB, wadda ke sa ido kan yarjejeniyoyin nan daga Biyana babban birnin Ostiriya, tana wallafa jeri uku a shafinta na intanet kyauta, mai ruwan ɗorawa na 1961, kore na 1971, ja na sinadaran 1988, kuma ana sabunta su, don haka sauke na baya-bayan nan. Nemi maganin da sunansa na asali na duniya, ba sunan da kamfani ya buga a kwali ba.

Akwai biyu da za ka nema ka rasa, tiramadol da ketamin. Duk surutun da ake yi a kansu ba sa cikin ko ɗaya daga jerin nan. Cana ta taɓa neman a sa ketamin, aka kawo maganar a 2015, WHO ta ba da shawarar kar a sa saboda a wurare da yawa shi kaɗai ne maganin sa barcin da ake iya tiyata da shi ba tare da manyan na'urori ba, sai aka jingine maganar. Amma fa rashin sunansu a Biyana ba yana nufin ƙasarku ta sake su ba, ƙasashe da dama sun sa su a dokarsu ta cikin gida, kuma sashe na 39 na yarjejeniyar 1961 ya ba kowace ƙasa dama ta tsaurara fiye da abun da aka rubuta.

Wannan wurin ku kula da shi sosai, domin nan ne ake yawan yi wa mutane rufa-rufa da kalmar "dokar duniya ce". Duk ƙa'idar da ta tsaya maka a gaba ka tambaya, wannan daga yarjejeniya take ko mu muka ƙirƙiro wa kanmu? Yarjejeniya ta ce a yi lasisi, a rubuta takardar likita, a ajiye lissafi. Ba ta ce babban likita kaɗai zai rubuta ba, ba ta ce maganin kwana uku ko bakwai kawai za a bayar ba, ba ta ce sai wanda aka kwantar ba, ba ta ƙayyade miligiram nawa ne iyaka a rana ba, hatta littafin rubuta magani na musamman mai kwafi, cewa ta yi ƙasa ta yi in ta ga da buƙata. Duk abun da ya zama na gida ne to ministan lafiya ko majalisa na iya gyara shi ba tare da neman izinin kowa a waje ba.

Su wa za ka sani

A taƙaice: WHO da ke Janiba ita ke nazarin magani ta ba da shawara, kwamitin ƙwayoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya CND mai ƙasashe 53 da ke zama a Biyana duk watan Maris shi ke kaɗa ƙuri'ar sa magani a jeri ko cire shi, sai INCB mai mutum 13 da ta fara aiki a 1968, ita ke riƙe da lissafin duniya. Kai dai ba ruwanka da rubuta wa ɗayansu wasiƙa, ba za su kula oda daga asibiti ba. Wanda ya dame ka shi ne ofishin da gwamnatinku ta naɗa ya riƙa cike fom ɗin INCB yana ba da izinin shigo da kaya, galibi yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ko hukumar kula da magunguna. Nemo ofishin, nemo teburin, ka san wane wata suke tattara alƙaluma. Sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu ke wannan aikin wa ƙasa guda, kuma ba wanda ke kai musu bayani daga asibitoci.

Ƙiyasi, wanda shi ne zuciyar aikin

Kowace ƙasa tana tura wa INCB ƙiyasin abun da za ta buƙata na shekara mai zuwa a kan Fom B, kafin 30 ga Yuni. Wato maganin da za a sha baɗi, a watannin farko na bana ake yanke yawansa. INCB ta duba ta tabbatar ta wallafa, daga nan wannan adadin ya zama rufin ƙasar, ba ta shigo da abun da ya haura shi, kuma ƙasar da ke sayarwa za ta buɗe jerin da aka wallafa ta duba kafin ta saki kaya. In ƙasa ta yi shiru ba ta tura ba, INCB ce za ta yanka mata adadi da kanta, kuma da me za ta yanka in ba da tsofaffin alƙaluma ba?

Ga inda gizo ke saƙar. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba abun da aka sha bara a ɗan ƙara wani abu a kai a tura. A ƙasar da magani ya wadata wannan daidai ne. Amma a inda sito ya yi wata bakwai babu ko kwalba ɗaya, abun da rajista ta nuna an sha ba shi ne buƙata ba, abun da aka samu ne kawai, sai a kwafe wannan ƙaramin adadin a tura, baɗi a sake samun yankewa, a sake kwafewa, shekara da shekaru ana maimaita ƙarancin da hannun ma'aikata, kowa kuma yana ganin ya cika aikinsa tunda fom ya tafi a kan lokaci.

Jagoran da INCB da WHO suka fitar tare a 2012 ya kawo hanya uku, ta abun da aka sha, ta yawan aikin da asibitoci ke yi, da ta yawan masu cutar. Shawarata ku yi duka ukun ku jera su gefe da gefe.

Ta abun da aka sha: ɗauko rajista, amma ka cire watannin da babu kaya. In an sha giram 100 a wata biyar sannan kaya ya yanke, to buƙatar wata ɗaya giram 20 ce, ta shekara 240, ba 100 ba. Kuma daga yau ku buɗe shafi na musamman na wanda aka rubuta wa magani bai samu ba, wannan shafin ya fi kowace takardar koke ƙarfi.

Ta yawan aiki: tiyata nawa kuke yi, haihuwa nawa ta fiɗa, masu karaya da ƙuna nawa, gado nawa a ɗakin masu ciwon daji, kowanne a ninka da abun da aka saba ba mutum ɗaya.

Ta yawan masu cutar, bari mu yi misali. A ce kuna ganin mutum 250 a shekara da ciwon daji ya yi nisa a jikinsu. Lissafin da masu harkar suka daɗe suna amfani da shi shi ne kusan kashi 80 cikin 100 za su buƙaci morfin, miligiram 60 zuwa 75 a rana, na kamar kwana 90. Mutum 200 kenan, sau 60, sau 90, ya ba ka miligiram 1,080,000, wato kilo 1 da giram 80. Wannan lissafin sito ne fa, ba awon da za a ba maras lafiya ba ne, wancan aikin likitansa ne kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum nesa ba kusa ba.

Sai wani ƙaramin abu da ke rikita lissafi. Abun da ke rubuce a kwalba nauyin gishirin maganin ne, INCB kuma tsantsar maganin take ƙirgawa. Morfin salfet kashi 75 cikin 100 ne tsantsarsa, haidirokulorayid 76, duk suna cikin jeri mai ruwan ɗorawa. Kilo 1.08 ɗinmu na salfet ya koma giram 810 a fom. In za ka tura adadi ka rubuta ɓaro-ɓaro wanne kake nufi, kar wani ya sake zaftare kashi 25 a kan wanda ka riga ka zaftare.

Adadin hanya ta uku kusan kullum zai fi na hanyar farko nesa, kuma kar zumuɗi ya sa ku nemi duka a shekara ɗaya. In likitocinku ba su saba rubutawa ba, nas-nas suna tsoron taɓawa, kayan zai zauna ne a kabad har ya lalace, baɗi a ce ai kun nema ba ku sha ba, ku rasa bakin magana. Ku ɗauki adadin da ke tsakani wanda za ku iya karewa, ku haɗa da horar da ma'aikata a shekarar, ku ƙara ajiyar ko-ta-kwana ta 'yan watanni domin oda tana daɗewa a hanya.

In kuma tsakiyar shekara aka ga rufin ya yi ƙasa, ba a jira baɗi. Akwai ƙarin ƙiyasi da ƙasa za ta iya turawa kowane lokaci da ɗan bayanin dalili. Duk wanda ya ce maka "kasonmu ya ƙare sai wata shekara" ka tambaye shi cikin ladabi ko an tura ƙarin. Na magungunan 1971 ma ya fi sassauci, Fom B/P ne, ana so a sabunta aƙalla duk shekara uku, kuma ana iya gyarawa ko yaushe. Wannan ya shafi masu farfaɗiya kai tsaye, mutum kusan miliyan 50 a duniya, domin fenobabiton yana cikin mafi arahar maganinsu amma yana yawan ɓacewa saboda 'yan kasuwa ba sa son wahalar takarda a kan kayan da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Shigo da kaya

Asibiti ba ya shigowa da kansa sai in yana da lasisin hakan, yawanci babban siton gwamnati ne ko kamfani mai lasisi. Tsarin dai ɗaya ne. Mai shigowa ya samu mai sayarwa, ya nemi takardar izinin shigowa daga hukumar ƙasarsa, a tura wa mai sayarwa, shi kuma ya kai wa tasa hukumar ta ba shi izinin fitarwa, kwafi ya biyo kaya, in sun sauka hukumar ƙasar da ta karɓa ta rubuta abun da ya iso da gaske ta mayar wa waccan. Kowace oda da takardarta, ba a amfani da ɗaya sau biyu.

Abun da ke kashe oda yawanci ba babba ba ne. Izinin shigowa yana da wa'adi, to sai a karɓe shi tun kafin kuɗi su fito, kafin a gama biya a samu jirgi wa'adi ya cika, a koma farko. Ko sunan kamfani da adireshi su sha bamban da harafi ɗaya tsakanin takardun biyu, ko a rubuta yawan kwalabe a manta ƙarfin maganin. Ba a tura irin kayan nan zuwa akwatin gidan waya, yarjejeniya ta hana. Ku tabbatar da kuɗi da mai sayarwa tukuna sannan ku nemi izini, ku kuma sanar da kwastan da mai fito kafin kaya su sauka. INCB tana da tsarin intanet mai suna I2ES tun 2015 da hukumomi ke musayar takardun nan nan take, kyauta ne, in ƙasarku ba ta amfani da shi wannan abun tambaya ne a taro.

Game da me za a saya, ni dai ra'ayina a fara da morfin na sha mai saurin aiki, ƙwaya ko ruwa, sai na allura. Yana cikin jerin muhimman magungunan WHO tun na farko a 1977, ba shi da tsada, kuma ana iya hawa da sauka da awonsa cikin sauƙi. Filastar fentanil da ƙwayoyi masu sakin magani a hankali suna da amfaninsu, amma ba daidai ba ne kasafi ya ƙare a kansu alhali na asalin babu. Fetidin kuma da wasu suka saba da shi bai dace da ciwo mai tsawo ba, abun da jiki ke mayar da shi yana taruwa har ya iya jawo jijjiga. Yuganda ce misalin da ake yawan bayarwa, a 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda, suka riƙa shigo da garin morfin suna haɗa na ruwa a cikin ƙasa, sannan a 2004 aka gyara doka nas-nas da jami'an lafiya da suka samu horo na musamman suka fara rubutawa, saboda likitoci ba su kai ƙauyuka ba. Ba su karya ko sashe ɗaya na yarjejeniya ba.

Bayan kaya sun iso

Kabad na ƙarfe mai makulli a manne da bango, makulli a hannun mutum ɗaya sananne a kowane canjin aiki, rajista mai ɗaurarrun shafuka masu lamba, kowane magani da kowane ƙarfi da shafinsa. Duk fitarwa a rubuta kwanan wata, sunan maras lafiya, adadi, wanda ya rubuta, wanda ya bayar, da abun da ya rage. A ƙirga lokacin miƙa aiki, mutum biyu. In kwalbar allura ta fashe ko an zubar da ragowa, a rubuta nan take da shaida, in an yi kuskuren rubutu a ja layi ɗaya a sa hannu, ba a gogewa ba a yage shafi. Yarjejeniya ta ce a ajiye bayanan aƙalla shekara biyu, dokar ƙasarku na iya cewa fiye. Kuma naloksan, maganin da ke warware morfin in ya yi yawa, ya kasance kusa, shi ba ya ƙarƙashin wannan kulawar, kar a kulle shi tare da su.

Rajistar nan ita ke kare ma'aikaci ranar da masu bincike suka zo, kuma ita ce ke hawa sama ta zama Fom C, lissafin shekara da ƙasa ke turawa kafin 30 ga Yuni na shekarar da ke biye. Amma shugabannin asibiti su ji wannan, in kuka mayar da kowane ɗan saɓanin mililita ɗaya maganar 'yan sanda, ma'aikata za su daina buɗe kabad ɗin gaba ɗaya, wanda bai bayar ba ai ba ya kuskure. A Indiya haka ta faru a matakin ƙasa, dokar 1985 ta zo da lasisi kala-kala daga ofisoshi daban-daban, kafin wannan ya fito wancan ya mutu, ga hukunci mai tsanani, asibitoci suka ce ba za su iya ba, shan morfin na asibiti ya faɗi da sama da kashi 90 cikin 100 a shekarun da suka biyo baya, a ƙasar da ita ke noma abun tana sayar wa duniya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sai a 2014 aka gyara dokar.

Kar kuma a ce tsoron ba shi da tushe. Abun da ya faru a Amurka gaskiya ne, kamfanoni sun tallata ƙwayoyin ciwo ba kan gado, aka rubuta wa mutane barkatai, daga baya fentanil na bayan fage ya shigo, a 2021 waɗanda ƙwaya ta kashe sun haura 100,000. Darasin shi ne a hana kamfani talla, a tantance wa ake ba, a bibiyi maras lafiya. Ba darasin ba ne a bar mai ciwon daji yana ihu.

Lokacin yaƙi ko girgizar ƙasa ko ambaliya akwai gajeriyar hanya. Tun 1996 WHO ta fitar da ƙa'idar da ta ba hukumar ƙasar da ke turo agaji dama ta saki kaya ko babu izinin shigowa in hukumar can ta daina aiki, daga baya a sanar da INCB. Masu aikin agaji su riƙe kwafinta, domin jami'in da ke bakin iyaka mai yiwuwa bai taɓa jin labarinta ba.

In kai mai jinya ne

Faɗa wa likita zafin ciwon yanda yake, daga 0 zuwa 10, yaushe yake tashi, yana hana barci ko cin abinci, me aka sha bai yi ba. Jarumta a gaban likita cutar kai ce. In an ce babu, tambayi wane asibiti ne ke da lasisin ajiyewa, ka nemi takardar turawa, ka kuma roƙi a rubuta cewa an nema ba a samu ba. Fara morfin ba ya nufin an cire rai da mutum, kuma in an daɗe ana sha jiki yana sabawa, shi ya sa ba a yankewa rana ɗaya sai a hankali da umarnin likita, wannan daban ne da jaraba. Yana ɗaure ciki kusan kowa, ku nemi maganin sakin ciki tun ranar farko. Kar a haɗa da giya ko maganin barci sai likita ya sani. In barci ya yi nauyi har ba a iya tada mutum ko numfashi ya ja baya, asibiti nan take. A kulle shi nesa da yara, ba a sammawa wani ko da ciwonsu iri ɗaya ne, ragowa kuma a mayar inda aka karɓo.

Tafiya da shi zuwa wata ƙasa

A nan ne mutanen kirki ke faɗawa hannun hukuma ba su san hawa ba ba su san sauka ba, saboda takardar likitan ƙasarku ba ta da iko a filin jirgin wata ƙasa sai in dokarsu ta amince. INCB tana da shafin matafiya inda ƙasashe suka tura ƙa'idojinsu, fara da nan, sannan ka tabbatar da ofishin jakadancin ƙasar domin wasu bayanan sun tsufa, ka nemi amsa a rubuce, ka fara da wuri, makonni kafin tafiya.

Karɓi wasiƙar likita mai hatimi, da sunanka yanda yake a fasfo, lambar fasfo, sunan maganin na asali, ƙarfinsa, nawa kake sha a rana, jimillar abun da ka ɗauko, da kwanakin tafiya, cikin Turanci ko harshen ƙasar da za ka. Ƙasashe da yawa na kwana 30 suke yarda da shi, wasu ƙasa da haka sosai. Japan sai ka samu izini tun kafin ka taso in morfin ne ko makamancinsa, magungunan amfetamin kuwa ba sa shiga sam ko da takardar likita. Daular Larabawa tana da neman izini ta intanet kafin tafiya. Masar tana ɗaukar tiramadol da zafi ƙwarai duk da ba ya jerin duniya. Mazauna yankin Shengen a Turai suna da takarda ta musamman ta kwana 30, kowane magani da tasa, amma wannan ta mazauna ce, baƙo ya bi dokar ƙasar da zai shiga.

Bar maganin a kwalinsa na asali da takardar famasi a jiki, kar ka juye a leda ko wata kwalba, sa shi a jakar hannu tare da takardun, in akwai wurin bayyana kaya ka bayyana da kanka kafin a tambaya. Duba dokar ƙasar da za ku yada zango ko da awa biyu ne, domin jirgi na iya lalacewa a ce ku fita ku kwana a otal, ka shiga ƙasar kenan. Kar ka riƙo wa kowa nasa, ko mahaifiyarka ce sai tana cikin tafiyar da takardarta, kuma kar ka sa a aiko maka ta gidan waya in naka ya ƙare, wannan shigo da kaya ne ba izini. In zaman zai wuce abun da aka yarda ka ɗauka, sa likitanka ya rubuta cikakken rahoto, ka nemi likita a can tun kafin ka tashi, ka kuma tambaya ko suna da irin maganin naka ko sai an canza maka da wani.